Wa Ke Share Wa Jirgin Ƙasa Hanya? Tarihin Tsaftar Layin Dogo Daga Baro Zuwa Rigasa

Duk wanda ya saba tsallaka tsohon layin dogon da ya ratsa arewacin Kaduna ya nufi Rigachikun da Zariya ya san kamanninsa a yau: ciyawa a tsakanin ƙarafa, leda da bola a gefe, a wasu wuraren ma ƙasa ta kusa binne dogon. Yawancinmu kallon ƙazanta kawai muke yi wa abin. Amma a wajen injiniyan jirgin ƙasa, wannan magana ce ta ko jirgi zai iya tashi, kuma in ya tashi ko zai iya tsayawa. Yau za mu bi tarihin wannan aiki da ba a cika ambatonsa ba, wato aikin share wa jirgi hanya, mu ga kimiyyar da ke ƙarƙashinsa.

Yadda dogo ya iso Kaduna

Turawan mulkin mallaka sun fara shimfiɗa layin Arewa ne daga Baro, a bakin kogin Neja, a zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan layin dogo ne ɗan asalin Kanada. Layin ya bi ta Minna, ya haye kogin Kaduna, ya wuce Zariya, ya isa Kano a 1911. Da ƙarfin talakawa aka yi aikin, da yawansu ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebo su ba da son ransu ba. A 1912 aka haɗe shi da layin da ya taso daga Legas. Da Gwamna Lugga ya tashi neman sabuwar hedikwata, kasancewar ga ruwa ga layin dogo na cikin abin da ya sa aka bar Zungeru aka dawo Kaduna a 1917. Bayan kamar shekara goma kuma layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Kafanchan, ya iso. Nan Kaduna ta zama mahaɗa: babbar tasha a kudancin kogi, wata kuma a arewacinsa, cikin gari.

Wannan shi ne tarihin da aka saba ji. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ranar da aka gama shimfiɗa dogo, ranar ce aikin kula da shi yake farawa.

Jirgi a kan faɗin farce

Mai karatu, bari mu tsaya a nan, don a nan zancen yake. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, dogon ma ƙarfe ne, kuma wurin da suke taɓa juna bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba. Wannan ne sirrin jirgin ƙasa: ƙarfe a kan ƙarfe yana gangarawa cikin sauƙi, shi ya sa kan jirgi ɗaya yake jan taragun gyaɗa da auduga da za su cika manyan motoci masu yawa. To amma sauƙin nan shi ne kuma rauninsa. Duk ƙarfin inji da duk ƙarfin birki, ta wannan ɗan wurin suke bi.

Injiniyoyi suna auna riƙon da ke tsakanin ƙafa da dogo da wata lamba. A busasshen dogo mai tsafta takan kai wajen 0.3 ko fiye. Ma'ana, in nauyin tan 60 ne a kan ƙafafun da inji yake juyawa, kan jirgin zai iya ja da ƙarfin da ya kai tan 18 kafin ƙafafun su fara sulɓi. In datti mai santsi ya mayar da lambar 0.05, tan 3 kacal ya rage. Injin lafiyarsa lau, amma sai ka ga ƙafafu suna ta juyawa a wuri ɗaya.

Wajen birki abin ya fi ban tsoro. Jirgin da ke gudun kilomita 60 a awa, in ya samu riƙon 0.1, zai tsaya a cikin kamar mita 140. In riƙon ya faɗi zuwa 0.02, sai ya ci mita 700. Ba lissafin takarda ba ne kawai. Ranar 31 ga Oktoban 2021, a Salisbury ta Ingila, wani jirgin fasinja ya kasa tsayawa ya yi karo da wani. Bincike ya gano cewa ganyen bishiya ne da ƙafafun jirage suka niƙe a kan dogo, ya haɗu da laima ya zama santsi.

Wani abin mamaki kuma, ruwa mai ƙarfi bai kai yayyafi haɗari ba. Mamako yana wanke dogo tas. Raɓa ko ɗan yayyafi kuwa, cakuɗuwa yake yi da ƙura da tsatsa ya zama kamar kunu. Ka tuna irin ƙurar da hunturu ke sauke mana a Kaduna wata da watanni, sannan ka tuna yayyafin farkon damina.

Yashi a cikin kan jirgi

Maganin farko da aka samo, kowa zai iya tunaninsa: yashi. Tun ƙarni na 19 ake saka wa kan jirgi akwatin busasshen yashi, da bututun da ke zuba shi daidai gaban ƙafa. Da farko zuba yake yi da kansa, iska ta kwashe rabi. A shekarun 1880 injiniyoyi a Ingila suka fito da dabarar hura shi da tururi ya shige ƙarƙashin ƙafar kai tsaye. Har gobe jiragen zamani suna ɗauke da yashi, sai dai yanzu da matsattsiyar iska ake hura shi.

Amma fa yashin ma da iyakarsa. In ya yi yawa yana cinye ƙarfe kamar magagari. Ka tambayi Muritaniya, inda jirgin ɗaukar tama yake tafiyar kilomita 704 daga Zuwerat zuwa Nuwadibu tun 1963: can aikin kullum shi ne kwashe rairayin da iskar Sahara ke tarawa a kan layi.

Leburorin da suka riƙe layin

Yashi yana gyara saman dogo ne kawai. Sauran aikin na hannu ne. Tsarin da Turawa suka zo da shi shi ne a yanka layi gunduwa-gunduwa, kowane yanki da ƙungiyar leburorinsa ƙarƙashin heluma. Su ne masu nome ciyawa, su yashe kwalbati da magudanai, su ɗaure abin da ya kwance, su share mahaɗar da ake juya jirgi daga wannan layi zuwa wancan. Mai duba aiki kuma ya biyo a ƙaramar kura mai ƙafafun ƙarfe, mutane na tura shi.

Me ya sa har ciyawa ta zama abin yaƙi? Saboda tsakuwar da ake zubawa ƙarƙashin layi. Aikinta biyu ne: ta rarraba nauyin jirgi, ta kuma bar ruwa ya tsiyaye. In ƙasa da ruɓaɓɓen ganye suka cike ƙofofin da ke tsakanin tsakuwar, ruwa sai ya kwanta. Duk jirgin da ya wuce sai ya danna ya saki, ya danna ya saki, yana tsotso taɓo daga ƙasa zuwa sama. Sannu a hankali layin ya lotsa. A garin da ke samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, kusan duka cikin wata shida, kwalbati ɗaya da ta toshe ta isa ta sa ruwa ya zaizaye ƙasan layi a dare guda. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya a 1955. Daga baya, da kaya suka koma kan manyan motoci, kuɗin shiga suka ragu, ma'aikata ma suka ragu. Layin da jirgi ba ya yawan bi kuwa, lalacewarsa ninki biyu ce, don ƙafar jirgi ita kanta tana goge tsatsa. Shi ya sa saman dogon da ke aiki yake ƙyalli.

Da lantarki ta shigo

A 1872 wani Ba'amurke, William Robinson, ya ƙirƙiro dabarar sakin ƙaramar wutar lantarki a cikin dogo. In jirgi ya shigo yankin, ƙafafunsa su haɗa ƙarafan biyu, sai alama ta nuna akwai jirgi a wurin. Daga nan datti ya samu sabon laifi: tsatsa ko ganye na iya hana wutar wucewa, jirgi ya “ɓace” wa masu ba da hanya. Don haka a yau a Birtaniya, duk lokacin zubar ganye, akwai jirage na musamman da ba fasinja ba kaya, aikinsu kawai wanke saman dogo da ruwa mai tsananin ƙarfi.

Har masu wasa da ƙananan jirage ba su tsira ba. Tun da kamfanin Lehmann na Jamus ya fito da jiragen LGB a 1968, masu faɗin layi milimita 45, mutane ke shimfiɗa su a lambun gida. Yawancinsu daga dogon suke shan wuta, don haka ɗan datti kaɗan sai jirgi ya tsaya cik. Sai masu abin suka riƙa haɗa taragon shara da hannunsu: a rataya ɗan katako ko abin goga a ƙarƙashin tarago, a ɗora masa nauyi daidai yadda zai goge ba tare da ya hana tafiya ba. Matsala ɗaya ce, girma ne ya bambanta.

Sabon layi, tsohuwar tambaya

A watan Yulin 2016 aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, daga Idu zuwa Rigasa. Faɗinsa milimita 1,435 ne, saɓanin 1,067 na tsohon. A 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin ci gabansa zuwa Kano. Ya fi tsohon gudu nesa ba kusa ba, kuma nisan birki yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu. Ke nan sabon layi ya fi tsohon buƙatar tsafta.

Saboda haka, in ana maganar jirgin ƙasa, kada mu tsaya ga nawa aka kashe wajen ginawa. Mu riƙa tambaya: nawa aka ware wa masu yashe magudanai da nome ciyawa, kuma mutum nawa ke taka layin da ƙafa? Mu ma mazauna bakin layi da namu kason, don bolar da aka juye a kwalbati ba a nan take tsayawa ba.