Yadda ake koyon lissafin zubar taurari

Hasken da kan gifta sararin samaniya da dare, wanda akan ce tauraro ne ya faɗo, ƙwayar ƙura ce ko 'yar tsakuwa da ta shigo iskar da ke lulluɓe da duniya.

Takan shigo da gudun kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa guda, ta ƙone a nisan kimanin kilomita 80 zuwa 120 daga doron ƙasa.

Masana na dogaro ƙwarai da ƙidayar da masu sha'awar kallon taurari ke yi da ido. Sai dai ƙidayar ba ta amfani sai an daidaita ta da lissafi, domin yanayin sama ya bambanta daga wuri zuwa wuri.

Ma'aunin ZHR

Abu na farko da ake koya shi ne ma'aunin ZHR, wato adadin da mutum zai gani cikin sa'a guda da a ce sama ta yi garau, kuma wurin da hasken ke ɓullowa yana daidai tsakar kansa.

Misali, idan mutum ya ƙirga 30 cikin sa'a guda alhali maɓullar tana digiri 30 daga gefen sama, to rabi kawai ya gani, don haka adadin ya zama 60.

Akan kuma yi gyara saboda gajimare, da hasken wata, da hazo. Wannan ya shafi mai kallo a ƙasar Hausa, domin zubar Perseids ta watan Agusta tana zuwa ne da damina, ta Geminids kuma a tsakiyar Disamba, lokacin hazon hunturu.

Auna nisa

Mataki na biyu shi ne lissafin kusurwoyi. A 1798 wasu ɗalibai biyu a Gottingen ta Jamus, Brandes da Benzenberg, sun tsaya a wurare dabam-dabam suna lura da haske guda. Daga bambancin kusurwar da kowannensu ya gani suka ƙiyasta nisansa daga ƙasa.

Da wannan dabara ce kyamarorin shirin Global Meteor Network, wanda aka soma a 2018, ke gano hanyar da tsakuwar ta biyo.

Inda ake koyo

Ƙungiyar IMO ta ƙasa da ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da littafin jagora da ke bayyana waɗannan ƙa'idoji, da mujallar WGN, da kalandar zubar taurari ta kowace shekara a shafinta na intanet. Tana kuma karɓar rahotannin masu kallo.

A Amurka akwai ƙungiyar AMS, wadda Charles Olivier ya kafa a 1911.

Lissafin makarantar sakandare ya isa a fara da shi. Sauran kayan aikin su ne agogo, da takarda, da wuri mai duhu nesa da fitilun gari.