Kogin Volta: ruwa ɗaya, ƙasashe shida

'Yan uwa 'yan ƙungiya, duk wanda ya taɓa bin motar albasa ko ta tumatir daga Paga zuwa Ankara ya ƙetare ruwan Volta fiye da sau ɗaya: a gadar Pwalugu, a Yapei, a Buipe. Da yake bikin zagayowar shekara lokaci ne na waiwaye, muka ga ya dace mu tuna yadda aka yi ta rabon wannan ruwa, domin ya taɓa kasuwarmu tun kafin a haife mu.

Kakanninmu fataken Gwanja sun san kogin da ƙafa da kwalekwale. Goro na fitowa daga Asante, ya ƙetare a Yeji, ya isa Salaga, daga nan ayarin jakuna su nufi Kano da Sakkwato. Da yaƙin basasa ya watse Salaga a 1892, fatake da malamai da yawa suka koma Kete-Krachi a bakin kogin, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin da ya rasu a can a 1934. Wasu suka wuce Kumasi da Ankara. Tsohon garin Kete-Krachi yau yana ƙarƙashin ruwa. Gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa hukumar VRA a 1961, aka gama dam ɗin Akosombo a 1965, tafkin ya cika ya rufe kusan murabba'in kilomita 8,500. Mutum kimanin 80,000 aka tasa, aka zaunar da su a sababbin garuruwa 52.

Abin lura shi ne an gina Akosombo ba tare da wata yarjejeniyar rabon ruwa da ƙasashen da ke sama ba, alhali babban kaso na ruwan daga wajensu yake gangarowa. Farin Volta, wanda mutanen Burkina ke kira Nakambe, da Baƙin Volta, wato Mouhoun, duka a Burkina Faso suke farawa. Oti kuwa ta Benin da Togo yake biyowa. Da Mali da Kwaddibuwa, ƙasashe shida ke nan. A wancan zamani Upper Volta ba ta da manyan damdam, shi ya sa ba wanda ya ga matsala. Tun 1972 ma Ghana ke sayar wa Togo da Benin wutar Akosombo.

Fari ne ya fara tona asiri. A 1983 ruwan tafkin ya ja baya, aka shiga rabon wuta, a shekarar da gobarar daji ta cinye gonaki, Najeriya kuma ta koro mutane. Dattawan Nima da Maamobi ba su manta ba. Burkina, wadda fari ya fi cutarwa, ta shiga tare nata ruwan: Kompienga a 1988, Bagre a 1992, daga baya Ziga domin shan mutanen Wagadugu. Da wuta ta sake yin ƙaranci a 1998, sai aka yi ta cewa maƙwabta ne suka riƙe mana ruwa.

A ganinmu wannan zargi bai tsaya da ƙafarsa ba. Bagre na ɗaukar ruwa kimanin kubik mita biliyan 1.7, tafkin Volta kuwa biliyan 148. Ƙarancin damina ne, da kuma yawan ruwan da ake saki don juya injinan wuta. Kuma mu da muke sayen tumatir ɗin rani a Burkina mun san da ruwan da aka tare ake noma shi. Ba za mu zagi dam da safe, mu yi lodin amfaninsa da yamma ba.

Inda koken Ghana yake da ƙarfi shi ne ambaliya. Idan Bagre ya cika, tilas a buɗe shi, ruwan kuma ya sauko kan gonakin bakin Farin Volta a yankunan Bawku da Mamprusi. An yi mummunar ɓarna a 1999, aka sake yi a 2007. A watan Janairun 2007 ɗin ne shugabannin ƙasashen shida suka sa hannu a Wagadugu kan kafa Hukumar Kogin Volta, yarjejeniyar ta fara aiki a 2009. Kogin Kwara ya samu hukumarsa tun 1964, saboda haka Volta ta makara ƙwarai. Hukumar ba ta da ikon tilasta wa wata ƙasa rufe dam ko buɗe shi. Abin da aka fi gani a ƙasa shi ne sanarwa: kamfanin SONABEL na faɗin ranar da zai buɗe Bagre, galibi cikin Agusta, NADMO kuma ta gargaɗi manoma su kwashe abin da za su iya. Tun 2018 layin wuta daga Bolgatanga ke kai lantarki Wagadugu.

Ba daga ƙetare kaɗai ambaliya ke zuwa ba. A Satumban 2023 VRA da kanta ta buɗe Akosombo, ruwa ya shanye Mepe da wasu garuruwan Tongu, dubban mutane suka bar gidajensu. Dam ɗin Pwalugu kuwa, wanda aka ce zai tare rarar Bagre ya ba manoman arewa ruwan rani, Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da aikinsa a Nuwamban 2019, amma har ya sauka daga mulki ba a gina shi ba. Direbobinmu da ke bin hanyar Bolga su ne shaida.