Tun Yana Ɗanye Ko Sai Ya Gama Famfara? Tarihin Gardamar Ƙarfen Gyaran Haƙora

A wannan makon za mu bi tarihin wata tambaya da iyaye ke yi wa likitocin haƙori: yaron da haƙoransa suka fito a karkace, yaushe ya dace a sa masa ƙarfen gyara? Bahaushe zai ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Likitoci da dama ma haka suka ɗauka, kafin bincike ya nuna cewa maganar ba ta hau kan kowane yaro ba.

Tambayar ba ta yau ba ce. A ƙarni na farko miladiyya, wani marubucin Rum mai suna Celsus ya ce idan sabon haƙori ya tsiro alhali na yarinta bai faɗi ba, a cire tsohon, a riƙa tura sabon da yatsa kullum har ya koma gurbinsa. A 1728, Pierre Fauchard na Faransa ya bayyana wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake ɗaure haƙora a jikinsa domin su daidaita. Sai dai Edward Angle na Amurka ne ya mayar da aikin fanni mai zaman kansa. A 1899 ya kasa matsalolin haɗuwar haƙoran sama da na ƙasa gida uku, yana auna su da turmin farko na dindindin, wanda ke fitowa a wajen shekara 6. Har yau da wannan rabon ake aiki.

Gardamar lokaci ta samo asali ne daga kayan aikin kansu. Ƙarfen da ake ɗorawa a kan haƙora ɗaya bayan ɗaya yana buƙatar haƙoran dindindin, waɗanda galibinsu ba sa kammala fitowa sai wajen shekara 12. A Turai kuwa, likitoci irin su Pierre Robin a 1902, da Viggo Andresen bayansa, sun ƙera na'urorin da ake sawa a cire, masu turo muƙamuƙin ƙasa gaba. Hujjar masu bin wannan hanya ita ce ƙashin yaro yana kan girma, don haka gara a juya shi da wuri. A hankali aka samu tsarin zango biyu: gyaran muƙamuƙi a shekara 8 ko 9, sannan ƙarfe a shekara 12 ko 13. Ga iyaye, wannan na nufin kuɗi sau biyu. Ga yaro kuma, ƙarin shekaru na zarya zuwa asibiti.

A shekarun 1990 aka sa tsarin a sikeli. Jami'ar North Carolina da ta Florida a Amurka, da wata tawaga a Ingila ƙarƙashin Kevin O'Brien, sun ɗauki yaran da haƙoransu na gaba na sama suka turo waje, suka raba su ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka fara musu da wuri, wasu aka jira. Da farko 'yan wuri sun yi gaba. Amma da kowa ya gama, kamar yadda rahoton North Carolina na 2004 da na Ingila na 2009 suka nuna, sai bambancin ya kusan ɓacewa, alhali 'yan wuri sun fi daɗewa ana yi musu aiki. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2018 ya tabbatar da haka, tare da riba guda ga farawa da wuri: tana rage yawan karyewar haƙoran gaba, domin haƙorin da ya turo waje shi ke fara cin ƙasa idan yaro ya faɗi.

Wannan bai kashe karin maganarmu ba. Akwai larurorin da jira ke ƙara dagulawa, kamar muƙamuƙin ƙasa da ya zarce na sama, ko haƙoran da ke cizo a gicciye har haɓa ta karkace, ko fiƙar da ta maƙale a cikin ƙashi. Akwai kuma masu warware kansu. Wushiryar da ke bayyana ga yaro ɗan shekara 8 ko 9 sau da yawa takan rufe idan fiƙoƙin sama suka fito, kuma ko ta tsaya, a wurinmu ado ce.

Shi ya sa ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ke cewa a kai yaro a duba shi kada ya wuce shekara 7. Dubawa daban, sa ƙarfe daban. Yawancin yara sai tsakanin shekara 11 da 14 ake fara musu, lokacin da famfara ta ƙare, jiki kuma yana tsaka da girma. Babba ma ƙofa ba ta rufe masa ba, matuƙar dasashi da ƙashinsa lafiya lau suke.

Don haka uban da aka ce wa a fara wa ɗansa yanzu yana da damar ya tambayi likita: me za mu rasa idan muka jira ya gama famfara? Idan amsar ta fito fili, a fara. Idan babu, haƙuri ya fi arha.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.