Injin Shara Mai Jaka da Maras Jaka: Nazari a kan Gidajen Masu Kyanwa a Gomari, Maiduguri

Tsakure

Maƙalar ta auna nau'i biyu na injin zuƙar shara bisa yanayin gidajen Gomari da ake ajiye kyanwa. Hujjarta ita ce, inda ƙura ke komawa a lokacin juye shara shi ya kamata ya yanke wa maigida zaɓi, musamman idan akwai mai asma a gidan.

1.0 Gabatarwa

Gomari tana daura da filin jirgin saman Maiduguri, a yankin da ƙurar hunturu ke lulluɓewa daga Nuwamba zuwa Maris. Babban tushen ƙurar shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar ƙasa mai laushi kamar garin alkama. A falon da aka shimfiɗa kafet, ƙurar kan cakuɗa da gashin kyanwa ta nutse, tsintsiya kuwa sai dai ta tayar da ita.

Gashin kansa ba shi da illa sosai. Abin da ke tayar da atishawa da asma sinadari ne mai suna Fel d 1, wanda ke fitowa daga yawun kyanwa da fatarta. Idan ta lashe jikinta sai ya bushe a gashi, ya kakkaɓe, ya daɗe yana yawo a iskar ɗaki.

2.0 Hanyar Nazari

An kwatanta injinan biyu ta ma'auni uku: kare numfashi, jure ƙura mai laushi, da ɗawainiyar kuɗi da wuta.

3.0 Tattaunawa

Mai jaka yana tara shara a jakar da ita kanta matata ce. Idan ta cika a toshe bakinta a jefar, ƙura ba ta samu ƙofar fita ba. Rauninsa shi ne jakar: gashi na saurin cika ta, kuma kowane samfuri da tasa. Ranar da aka rasa ta a Kasuwar Monday ta Maiduguri, injin ya zama kayan ajiya.

Maras jaka ya bazu ne bayan James Dyson ya fitar da samfurin DC01 a Ingila a 1993. Yana juya iska da ƙarfi, sai shara mai nauyi ta faɗa mazubi. Gashi da yashi suna rabuwa da iskar da kyau, amma a injina masu araha ƙura mai laushi kan wuce ta toshe matata. Dole a riƙa wanke ta, a bar ta ta bushe sarai. Sannan duk wanda ya buɗe mazubi ya bubbuga shi, turnuƙun da ya tashi a fuskarsa zai sauka, kuma sau da yawa yara ake aikawa wannan aiki.

Ko wanne aka saya, idan yana da matatar da ake kira HEPA, tana kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3, muddin jikin injin ba ya yoyon iska.

Wuta ma abin lura ce. A Janairun 2021 'yan tada ƙayar baya sun rusa turakun lantarki a hanyar Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu, kafin a buɗe tashar gas mai megawat 50 a Maris na 2023. Gidaje da yawa sun koma janareto da sola. Tarayyar Turai ta ƙayyade sababbin injinan shara a wat 900 tun 2017, amma tsofaffi na hannu kan ninka haka, ƙaramin janareto ba zai ɗauke su ba.

4.0 Kammalawa

Gidan da ke da mai asma ko jariri ya zaɓi mai jaka, ya sayi jakunkuna da yawa tare da injin. Wanda ya riga ya mallaki maras jaka ya juye mazubi a waje cikin leda, da takunkumi a hanci, kuma babba ya yi aikin da kansa.