Neman Taimakon Shari'a a Rikicin Rabuwar Aure: Nazari a kan Gundumomin Tasawa da Mayayi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyoyin da ma'aurata ke bi a gundumomin Tasawa da Mayayi na jihar Maraɗi idan aure ya mutu amma aka kasa daidaitawa a kan sadaki, riƙon ƴaƴa, ciyarwa da kaya. An dogara da dokokin Nijar, da fiƙihun Malikiyya, da abin da masana suka wallafa. Hujjar maƙalar ita ce, taimakon da gwamnati ta tanada yana jiran mai ƙara a ƙofar kotu, alhali kuwa a zauren mai gari da gaban malam ake yanke sharuɗɗan rabuwa.

1. Shimfiɗa

A ƙidayar 2012 kowace daga cikin gundumomin biyu ta haura mutum rabin miliyan, akasarinsu Hausawa manoman gero da wake, a garuruwa irin su Maijirgi, Korgom, Urafan, Kanembakashe da Isawan. Binciken lafiya da yawan jama'a na wannan shekarar ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kuma jihar Maraɗi ta zarce wannan adadi. Ke nan sau da yawa mai neman mafita yarinya ce da ba ta daɗe a makaranta ba, kuma ba a rubuta aurenta a ofishin magajin gari ba.

Mutuwar aure ba baƙon abu ba ce a wannan ƙasa. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, ta nuna yadda mata ke fita aure su sake wani, da yadda kayan aure ke gina darajar mace. Wahalar tana wajen lissafin da ke biyo baya: wa zai biya wa, wa zai tafi da me.

2. Dokar da ke aiki

Har yau Nijar ba ta da kundin dokar iyali. Ƙungiyar matan Nijar ta ɗauko batun tun tsakiyar shekarun 1970. Daftarin 1993 ya ci karo da adawar ƙungiyoyin addini, na 2011 ma aka jingine shi. Da ƙasar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata a 1999, sai ta keɓe wasu sassa, har da na daidaito a aure da rabuwa. Senegal kuwa tun 1972 ta mai da kowace rabuwa hannun alƙali.

Abin da ya cike gurbin shi ne dokar tsarin kotuna. Doka mai lamba 62-11 ta 16 ga Maris 1962, da wadda ta gaje ta mai lamba 2004-50, da ta yanzu mai lamba 2018-37, duk sun umarci alƙali ya yi hukunci da al'adar masu shari'a a kan aure, saki da gado. Daga 2004 an gindaya sharaɗin kada al'adar ta saɓa wa yarjejeniyoyin da ƙasa ta amince da su. Ƴan tsirarun da suka ɗaura aure bisa dokar farar hula da aka gada daga Faransa su ne ke bin wata hanya dabam.

Al'adar nan ba a rubuce take ba. Alƙalin kotun Tasawa ko ta Mayayi ya yi karatunsa da Faransanci, mai yiwuwa ma ba ɗan yankin ba ne, don haka yake zama da mashawarta biyu masana al'ada, galibi malamai. Shawara suke bayarwa, hukunci nasa ne. Miji yana sakin matarsa da baki ko da takarda, kotu ta tabbatar kawai. Mace kuwa sai ta kai ƙara. Daga wannan rashin daidaito ne kusan dukkan rigimar sharuɗɗa ke tasowa.

3. Matakan da ake bi

Rikici yakan fara da yaji da biko. Idan iyaye da waliyyai suka gaza, sai a je wurin mai unguwa ko mai gari, daga nan fadar sarki, ko gaban malami, ko reshen Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar da aka kafa a 1974. Dokar sarautun gargajiya mai lamba 2015-01 ta ba sarakuna ikon sasantawa, ta kuma ɗora musu rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu. Ba ta ba su ikon yanke hukunci ba. Amma ga matar da ta durƙusa a zaure, mahaifinta na gefe, dattawan gari sun kewaye ta, wannan bambanci ba ya ganuwa. Abin da mai gari ya faɗa, shi ke nan.

A ɗauki misali, wanda ba labarin wata takamaimiyar mace ba ne. Miji ya tafi ci-rani Najeriya ko Libiya, ya daɗe bai aiko da komai ba, da ya dawo kuma aka shiga duka. Matar ta yi yaji ta ƙi komawa. A zaure mijin ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ina son matata. In ita ce ba ta so, ta biya ni abin da na kashe." Sai ya jero sadaki, da kuɗin gaisuwa, da lefe, har da goron da aka raba. Mai gari ya juya gare ta: "Ƴata, ko dai ki yi haƙuri ki koma ɗakinki, ko ki fanshi kanki." Mahaifinta, wanda ya san kuɗin nan an daɗe da cinye su a hidimar biki, ya ce, "Baba ya faɗi gaskiya, tashi ki bi mijinki." In ta nace, sai a sayar da akuyarta ko gadonta, ko a jira bazawarin da zai biya.

Abin lura a nan shi ne, an lissafta rabuwar a matsayin hul'i, wato mace ta fanshi kanta, tun kafin a tambayi dalilinta. A mazhabar Malikiyya, wadda malaman yankin ke karantawa a Risala da Muhtasar da Tuhfa, matar da ta tabbatar da cutarwa alƙali na iya raba aurenta ba tare da ta biya komai ba. In ma ta riga ta biya, daga baya ta kawo shaidar cewa cutarwa ce ta tilasta mata, ana mayar mata da dukiyarta, saki kuma ya tabbata. Rashin ciyarwa shi ma dalili ne mai zaman kansa. Haka nan idan aka rasa gane mai laifi, ana naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga dangin kowane ɓangare, kuma Malikiyya ta ba su ikon raba auren ko miji bai yarda ba. Maroko ta gina wata hanyar rabuwa a kan wannan tushe a dokar iyalinta ta 2004. Mace mai wannan sani tana shiga zaure da wata magana a bakinta: "An cuce ni, ga shaiduna."

4. Riƙon ƴaƴa da kaya

Abin da aka saba a ƙasar Hausa shi ne yaro ya zauna wurin uwa har yaye ko zuwa shekara bakwai, sannan uba ya karɓe shi. Mutane da yawa sun ɗauka hukuncin addini ne. Malikiyya ta bar wa uwa renon ɗa namiji har ya balaga, ƴa mace har ta tare a gidan miji. In uwar ta sake aure, kakar wajen uwa ce ke gaba, ciyarwa kuma tana wuyan uba. Ga kuma ma'auni na uku, wato maslahar yaro, wanda alƙalan gwamnati ke dubawa bisa yarjejeniyar haƙƙin yara da Nijar ta amince da ita a 1990. A nan al'ada ce ta fi tsananta wa uwa, kuma ita ce aka fi ji a zaure. A ganin mai wannan nazari, masu fafutukar haƙƙin mata sun yi sakaci da wannan hujja ta fiƙihu, wadda ba mai iya kiran ta kayan Turawa.

Kayan ɗaki na mace ne, ba a cika jayayya a kai ba. Inda ake ja shi ne amfanin gamana, wato ƴar gonar da miji ya ba ta aro, idan saki ya faɗo kafin girbi, da dabbobin da ta saya da kuɗin sana'arta suka gauraya da na gida. Marthe Diarra da Marie Monimart sun nuna a 2006 yadda ƙarancin ƙasar noma a kudancin Nijar ke raba mata da gona, abin da ke ƙara wa irin wannan jayayya zafi.

5. Taimakon da ke akwai da inda ya tsaya

Doka mai lamba 2011-42 ta 14 ga Disamba 2011 ta kafa hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, wato ANAJJ, ta kuma raba taimako gida biyu: shawara da wayar da kai kyauta ga kowa, da kariya a gaban kotu ga marasa hali da masu rauni. Cikin waɗanda ke samun kariyar kai tsaye akwai matan da ke neman kuɗin ciyarwa, rabon gado ko riƙon yaro. Neman rabuwar kanta ba ya cikin jerin, sai dai mace ta bi ta hanyar tabbatar da talauci, da takardun da hakan ke buƙata.

An buɗe ofisoshin hukumar ne a manyan kotuna, wato Maraɗi ga wannan jiha, kimanin kilomita 120 daga Tasawa. Lauyoyi kuma mafi yawansu a Yamai suke. Kuɗin mota, da kwana a gidan wani, da izinin fita ga matar da igiya ke kanta, kowanne shinge ne. Ƙungiyar mata masana shari'a ta AFJN da ta kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH sun yi aikin ba da shawara kyauta, amma irin wannan aiki yakan rayu ne gwargwadon tallafin masu ba da kuɗi.

Shigar da ƙarar al'ada ba ya buƙatar lauya, ana iya yin sa da baki. Saboda haka abin da mai ƙara ta fi buƙata shi ne wanda zai zauna da ita kafin ranar zaure, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya gaya mata cewa tana iya ƙin sulhun da bai yi mata ba ta nemi takardar rashin sulhu. Ta tanadi shaidu da takardar likita in an doke ta. Kada ta yarda a haɗa ƴaƴa cikin cinikin fansa. In an daidaita kuma, a rubuta adadin ciyarwa da ranar biya, a kai kotu ta tabbatar. Wannan aiki ne da mataimakan shari'a na ƙauye za su iya, mata da maza, da Hausa, a ranakun kasuwa.

Miji ma yana da buƙatar wannan shawara. Wanda ya yi saki da baki cikin fushi, babu shaida babu takarda, shi ke dawowa bayan watanni yana cewa igiya ɗaya ya yanke kuma ya mayar cikin idda, ita tana cewa uku ne, ga bazawari ya riga ya kai kuɗi. Dokar rajistar jama'a mai lamba 2019-29 ta sa saki cikin abubuwan da ake bayyanawa ga hukuma. Inda mai gari ke da littafin rajista da marubuci, ana iya rubuta ranar saki da adadinsa a zaman farko, kafin kowa ya sami dalilin canza magana.