Dutsen Zuma da Garin da Ya Ba da Sunansa

Duk matafiyin da ya taso daga Kaduna ya nufi Abuja, da ya kusa Madalla zai yi arba da Dutsen Zuma, tsaye ƙiƙam a gefen hanya, da siffar fuskar mutum a jikinsa. Masu yawon buɗe ido kan tsaya su ɗauki hoto, su kwatanta shi da zanensa da ke jikin takardar naira 100, sa'an nan su wuce. Kaɗan ne ke ratsewa cikin Suleja, alhali kuwa a can tarihin yake kwance.

Asalin garin yana komawa ga jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka soma a 1804. Da Malam Musa ya ci Zariya, sai Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ya sauka Zuba cikin ƙasar Koro. Bai gushe yana yaƙi ba har aka kashe shi wajen Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi, ya kafa sabon gari a bakin kogin Iku a 1828, ya kewaye shi da ganuwa. Daga sunansa aka sami Abuja. Duwatsu da dazuzzukan wannan yanki sun zame wa mutanen garkuwa, sarakunan Fulani na Zazzau ba su taɓa cin garin ba. Sai a 1902 Turawa suka shige shi, Sarki Ibrahim ya rasa ransa.

Saboda wannan tsira ne tsarin sarautar Haɓe ya wanzu a nan bayan ya sauya a Zariya. Masana irin su M. G. Smith sun dogara ga abin da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta kan Abuja domin fahimtar mulkin Zazzau na dauri. Har yau kuwa sarautar Sarkin Zazzau ce ake yi a fadar garin.

Mai ziyara zai iya ganin fadar, da sauran gurbin ganuwa, da magangarar ruwa ta Mayanka, inda aka ce nan ake zartar da hukuncin kisa a da. Akwai kuma makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shahara har hotonta ya hau takardar naira 20.

A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zartar da kafa sabon babban birni. Masarautar ta ba da ƙasa, ta kuma ba da sunanta, aka koma kiran tsohon garin Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau. A 1991 gwamnati ta tare a sabuwar Abuja.

To, a nan gizo ke saƙar. Yaron da ya tashi yau ya san Abuja ɗaya ce tak, ta manyan benaye. Dutsen Zuma ba ya bukatar mai gadi, amma ganuwar ƙasa da labarin da ke bakin dattawa suna bukata. Wajibi ne ɗaliban Hausa da na tarihi su je su auna, su tambaya, su rubuta, tun masu sanin ba su ƙare ba.