Gaiwa: Tsohuwar Da Ke Kwana Cikin Laka

Ƴan uwa ɗalibai, mu a nan Gabi ba mu ɗauki gaiwa a bakin komi ba. Kifi ce ta miya, sai kuma habaici ga mai cin jikinsa. Ni ko ina ganin tana da tarihin da ya cancanci takarda.

Danginta sun bayyana a duniya kimanin shekara miliyan 400 da sunka wuce. Tana da huhu, dole ta leƙo sama ta shaƙi iska. In rani ya ƙafar da ruwa sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta bar ƴar kafa ta numfashi. Wata da watanni tana rayuwa da naman jikinta har damina ta sauka. Ashe kakanninmu sun lura da kyau.

Turawa ma ta rikita su. A 1839 Richard Owen na Ingila ya bayyana wata da anka kawo daga kogin Gambiya, ya ce kifi ce. Wasu masana sunka ce a'a, dangin kwaɗo ce irin salamanda, wata dabbar ruwa mai siffar ƙadangare. An daɗe ana gardama kafin a tsaya kan kifi.

To ita babbar salamandar ƙasar Sin, wadda kan kai mita 1.8, me ya same ta? Da can tana da yawa cikin koguna. Sai namanta ya zama abincin masu kuɗi, anka bi ta da farauta, madatsai sunka ɓata mazauninta. Binciken da anka wallafa a 2018 ya zagaya wurare 97, guda 24 kawai ya samu.

Gaiwa ba ta kai can ba tukuna. Ta tsallake farin 1973 da na 1984. Amma dabararta ta dogara ga abu guda: ruwa ya dawo. Madatsar Jibiya a jihar Katsina ta rage ruwan Gulbin Maradi, yashi kuma yana cike tabkin Madarunfa, ga masu haƙa da ke tono ta tun tana kwance.

Dajin Baban Rafi ya taɓa zama gidan giwaye, yau sai labari. Shawarata, mu tambayi masunta da tsofaffi inda gaiwa ke kwana da, da inda ta daina, mu rubuta tun suna raye.